Akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari, da 307 ɗin Baba Majo

A nan Tawa, in mota ta fara abin da ba a gane kansa ba, hukunci biyu ake yanke mata. Mutanen gida su ce iska ce, a nemo malam. Mutanen gareji su ce ƙwaƙwalwa ce, a nemo kuɗi. Sana'ata gyaran wutar mota, kuma a cikin biyun nan na gareji ya fi ba ni tsoro. Malam in ya yi tofi ba a dace ba, motar tana nan yadda take. Wanda kuwa ya ce ƙwaƙwalwa ce tun bai ɗora mita a kan batir ba, zai sa ka sayi abu mai tsada, a cire naka a liƙa na wata mota, ka wayi gari motar da jiya take tashi da ƙyar yau ko tari ba ta yi.

Kuma ma wace ƙwaƙwalwar? Motar zamani ba guda ɗaya gare ta ba. Akwai ta inji, akwai ta birki, akwai ta jakar iska. Sannan akwai ta jikin mota, mai riƙe da fitilu, sigina, waifa, gilasan ƙofa, kulle ƙofofi, fitilar ciki, da sanin wane makulli ne ke da izinin tada inji. Kamfanoni da yawa BCM suke ce mata. A Peugeot da Citroën sunanta BSI, a Renault kuma UCH.

A Yamai na koyi aiki, can wajen kasuwar Katako, a hannun wani dattijo da ya tsufa a kan 504. A 504, in fitila ta ƙi kamawa, da hannunka za ka bi waya daga ƙwai zuwa makunni, daga makunni zuwa fizibil. Wuri uku ne, mai laifin yana cikinsu. A 307, wadda ta fito a 2001, sandar da ke jikin sitiyari ba ta ba fitila wuta ko kaɗan. Saƙo take aikawa. Saƙon ya bi ta wasu siraran wayoyi biyu da aka murɗe tare ya isa BSI, ita ta duba halin da motar ke ciki, sannan ta umarci wani akwatin da ke gefen batir, wato BSM, ya ba da wuta. Ka ga ke nan tsakanin yatsanka da ƙwan fitila akwai akwati uku da wayoyin da ke haɗa su, kuma kowanne in ya samu matsala alamar kusan iri ɗaya ce. Shi ya sa nake cewa BSI ita ce ta ƙarshe a layin waɗanda ake tuhuma. Wani lokaci dai, kamar a motar da zan ba ku labarinta, layin kan ƙare a kanta.

Baba Majo tsohon ma'aikacin lafiya ne, ya yi aiki a ƙananan likitocin ƙauyukan Adar har ya yi ritaya. Motarsa 307 ce mai shan esansi, 1.6, ƙirar 2003, ɗansa da ke Abijan ya saya masa tun ana shigo da motoci ta Kwatano. A ƙofar gida take kwana, ƙarƙashin wani dogon yaro. Ya zo mini da ita ne bayan damanar 2024, wadda ruwanta ya yi ɓarnar da ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A kan igiya aka jawo ta.

Na ce, "Baba, sannu da zuwa. Me ya same ta?"

Ya ce, "Ɗana, zauna in ba ka tarihin ciwon tun daga farko, kada ka katse ni."

Ban katse shi ba, kuma da duk masu mota haka suke bayani da rabin aikinmu ya ragu. Tun cikin watan Agusta, yana tafe rana tsaka ba ko gajimare, sai waifa ta kama aiki ita kaɗai, fitilun gaba su kunnu. Ya kashe motar ya sake tadawa, abin ya tafi. Daga baya ƙofofi suka fara kulle kansu suna buɗewa cikin dare, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, har mai shayin da ke kusa ya matsar da teburinsa gaba. Sai batir ya fara kwana babu wuta. Aka ce batir ne, ya sayi sabo. Bai yi sati biyu ba shi ma ya kwanta. Aka ce altarnato ne, aka canza. Allon tsakiya kullum yana rubuta masa "Mode économie actif", wato motar ta shiga tsimin wuta. Ranar ƙarshe ya murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa. Wani gareji suka ce ya kawo kuɗi a sayo ƙwaƙwalwar inji daga Sakkwato. Nan ne ya ja birki.

Ya ce, "Shekara nawa ina aikin likita, ban taɓa ganin an shiga da mutum ɗakin fiɗa ba a yi masa analiz ba. Kai ma analiz nake so ka fara yi mata. In ka ga abin fiɗa, ka nuna mini da idona."

Maganar waifa da fitila na fara yi masa, don hankalin Hajiya ya kwanta a gida. Wannan ba shiririta motar ke yi ba, haka aka tsara ta. In akwatin gefen batir ya daina jin BSI alhali mota na tafiya, yakan kunna fitilun gaba da waifa da kansa, don kada magana ta yanke wa direba cikin dare ko cikin ruwa ya rasa gani. Abin da alamar ke faɗa kawai shi ne magana tana yankewa. Ba ta faɗi a ina ba.

Daga batir na soma, duk da sabo ne. Sabon batir da aka bari ya mutu ƙurmus sau da yawa ya riga ya tsufa. Na yi masa caji ya kwana, da safe ya nuna bolt 12.6, wato a cike yake. Da aka murɗa makulli bai faɗi ƙasa da 10 ba. Kawunansa a ɗaure, wayar mas, wato ta kan batir mai alamar ragi (-), da ta tafi jikin mota da wadda ta tafi inji duk na kwance na goge na mayar. Motocin nan ba sa son ƙarancin wuta ko kaɗan. Batir mai rauni ko mas mai tsatsa kaɗai ya isa ya jawo duk abin da Baba Majo ya lissafa, kuma na sha sallamar mota a wannan matakin, mai ita yana mamakin ƙanƙantar kuɗin aiki.

Sai awon satar wuta, wanda shi ne wurin da yara masu koyo suka fi gaggawa. Motar nan tana barci. In ka zare makulli ka rufe ƙofofi, BSI kan ɗauki ƴan mintoci tana sallamar sauran akwatuna, sannan ita ma ta kwanta. In ka auna kafin ta kwanta, ƙarya mita za ta gaya maka. In kuma ka buɗe ƙofa don ka kai hannu ga fizibil, ka tashe ta. Abin da nake yi, in buɗe ƙofar direba in sa bakin turnabis in tura harshen makullin ƙofar har ya yi ƙas, sai motar ta ɗauka ƙofa a rufe take. In haɗa mita tsakanin kan batir da wayarsa tun kafin in zare wayar, don kada wuta ta yanke ko na ƙiftawar ido. Sai in ja kujera in zauna. Lafiyayyar mota in ta yi barci, abin da take ja ba ya wuce miliamfiya 50, galibi ma ƙasa da haka sosai. Ta Baba Majo ta sauko, ta sauko, ta tsaya wajen 900. Can sai wani rele ya yi ƙara a ƙarƙashin tablo, lambar ta yi sama, ta sake dawowa 900.

Na yi masa lissafi a bayan kwalin sigari da na tsinta. Batirinsa na amfiya 60 ne. Abin da ke jan miliamfiya 900, wato kusan amfiya ɗaya, daga isha'i zuwa safe ya sha kamar 11. Shi kuwa tafiyarsa daga gida zuwa masallaci ce, zuwa kasuwa ranar Lahadi, zuwa gidan ƴarsa. Babu tafiyar da za ta mayar da abin da dare ya ci. Ya dubi lissafin ya ce, "Ashe altarnaton da na fidda lafiyarsa lau." Na ce ya adana shi, wata rana zai yi amfani.

Wa ke hana motar barci? Wanda na fi zargi a kowace mota shi ne abin da aka ƙara mata bayan ta baro masu ita na farko: rediyo, alam, fitilun ado, cajar waya da aka ɗaura a wayar da ba ta mutuwa. Rediyon Baba Majo ba na asali ba ne, na cire shi gaba ɗaya. Lamba ba ta motsa ba. Na zame robar da wayoyi ke bi daga jikin mota zuwa ƙofar direba, inda buɗewa da rufewa na shekara ashirin ke karya waya, kuma zafin Afrilu da Mayu na garin nan yana busar da rigar waya har ta riƙa tsagewa. Na samu ɗaya da rigarta ta tsage amma ba ta taɓa komai ba. Na gyara, na wuce.

Sannan na ɗauko baliz, wato na'urar da ake haɗawa da mota ta karanto kurakuranta. A nan ma akwai abin faɗa. Ƙaramin abin nan da ake sayarwa a kasuwa, wanda ake soka wa a soket mai baki 16 a karanta a waya, yawanci da inji kaɗai yake magana. Ba ya ganin BSI. Mutum ya soka, ya ga babu komai ko ya ga lambar da bai gane ba, ya ce ƙwaƙwalwar inji ce. Ga wannan motar sai kwamfuta mai PP2000 ko DiagBox, ita ke zagaya akwatuna ɗaya bayan ɗaya ta tambaye su. Da ta gama zagayen, shafi ya cika da kurakurai. Ban yarda da su ba, don motar da batirinta ya sha mutuwa kowane akwati yana da ƙorafi. Na ɗauki hotonsu, na goge duka, na kashe na kunna, na jira in ga masu dawowa. Waɗanda suka dawo bakinsu ɗaya: agogon tablo ya ce ba ya jin BSI, akwatin gefen batir ya ce ba ya jin BSI, ƙwaƙwalwar inji ta ce ba a ba ta izinin tashi ba. Ita ƙwaƙwalwar injin da aka so a canza, tana amsa tambaya tsaf, babu abin da ya same ta. Na shiga wurin da ake ganin abin da sandunan sitiyari ke aikawa, na sa yarona ya yi ta kunna sigina da waifa. Duk abin da ya taɓa yana fitowa daidai, in dai BSI ba ta ɗauke ba a lokacin. To, sanduna ma sun fita.

Saura abu ɗaya kafin in ɗora mata laifi. Akwatin da ba ya samun wuta sosai zai yi hauka ko da lafiyarsa ƙalau. Sai na gwada wayoyin da ke kawo mata wuta da na mas a bakin soket ɗinta, kuma ba da mita kaɗai ba. Mita ba ta jan wuta, ko silin waya ɗaya ya rage za ta nuna maka bolt 12 ta bar ka cikin duhu. Ƙwan sigina mai wat 21 nake haɗawa, in ya haska fes to wayar tana ɗaukar kaya. Duk sun haska.

A 307 mai sitiyari a hagu, BSI tana ƙasan tablo ta wajen gwiwar direba, fizibil jere a fuskarta. Da na durƙusa zan kwance ta na dafa kafet, sama a bushe. Na cusa hannu ƙarƙashi, soson da ke ƙasa ya jiƙe sharkaf, ga wari irin na rigar da aka manta a bokiti. Ruwan sama ya ɗauke tun makonni, soson yana riƙe da nasa. Na zare soket na farko, lafiya. Na biyu, ƙafafunsa sun yi kore shar, ɗaya ma ta biyo soket ɗin ta fito, ta ruɓe daga gindi. Na buɗe akwatin a kan tebur. A jikin allon akwai farin layi inda ruwa ya kwanta ya bushe, ya sake kwantawa ya bushe, ƙarƙashin layin kuwa siraran hanyoyin tagulla sun yi baƙi, wasu sun cinye.

Na kira Baba Majo. Ya sa tabarau, ya karɓi gilashin ƙara girma daga hannuna, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wannan kam ya wuce magani. Amma ta ina ruwan ya shiga?"

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ke nan, kuma ita ce wadda ba a cika yi ba. Na kwanta a ƙasan sitiyari da cocila, yarona ya ɗauki buta yana zuba ruwa a hankali a gefen gilashin gaba, daga ƙasa yana hawa. Da ya kai kusurwar hagu sai ga ɗigo yana gangarowa ta cikin ginshiƙi, ya bi damin wayoyi, ya sauka daidai inda soket mai koren yake. An taɓa canza gilashin bayan dutse ya fasa shi a hanyar Tsarnawa, wanda ya liƙa bai cika gam a kusurwar ba. Ƙari a kan haka, da muka cire robar da ke ƙarƙashin waifa, magudanan ruwan wurin a toshe suke da ganyen dogon yaro da ƙurar hunturu da ta zama laka. A damana irin ta da, ɗan ɗigon zai bushe kafin wani ruwan. A ta 2024 bai samu sararin bushewa ba.

Ruwa ne ya ci wannan, amma ba shi kaɗai ke cin su a garin nan ba, kuma sauran duk da hannunmu muke yi. Mota ta ƙi tashi, a aro batirin maƙwabci, ta tashi, a zare shi inji na aiki a mayar da mataccen. Ko a zare kan batir inji na aiki wai ana gwada altarnato. A 504 an yi haka an kwana lafiya. A motar da ke da akwatuna, lokacin da ka zare batir wutar altarnato kan yi tsalle, kuma akwatunan ne ke shan dukan. Haka mai walda da zai ɗana wuta a salansa bai cire batir ba. Haka jan wuta daga babbar mota mai bolt 24, ko juya wayoyin jan wuta cikin duhu. Sai uwa uba, fizibil ya ƙone a naɗa masa silin waya. Fizibil ya ƙone ne don wani abu ya ja wutar da ta fi ƙima. In ka hana shi ƙonewa, hanyar tagullar da ke cikin BSI za ta ƙone a madadinsa.

In tsatsar ba ta yi nisa ba, akan wanke allo da alkol da buroshin haƙori, a sake narka dalma a inda ta saki, akwati ya dawo. Na Baba Majo ya wuce nan. Canji ya zama dole, kuma a nan ne wahalar take, don BSI ba fanfon mai ba ce da za ka kwance ka ɗaura wani. A cikinta akwai lambar shasi, da kilomitar da motar ta ci, da jerin abubuwan da motar ke da su, da makullan da ta sani, da wata lambar sirri mai harafi 4. A cikin kan makulli akwai ɗan ƙaramin guntu. In ka murɗa kontak, zoben da ke kewaye da bakin makullin ya karanta shi, BSI ta duba ko ta san shi, sannan ita da ƙwaƙwalwar inji su gwada lambar sirri. In ba ta zo ɗaya ba, ba mai ba wuta. Saboda haka in ka ɗauko BSI ta wata mota ka soka, fitilu za su kama, oda za ta yi, inji zai juya har batir ya ƙare, ba zai tashi ba.

Na shimfiɗa masa hanyoyin. Sabuwa fil a kwali, wadda ba a taɓa rubuta komai a cikinta ba, sai an yi oda an jira, kuma kuɗin da aka faɗa mana ya sa Baba Majo ya yi salati. Ko ita ma sai da lambar sirri za a koya mata makulli. Lambar tana zuwa ne a wani ɗan kati da ake ba wanda ya sayi motar sabuwa a Turai, ni kuwa ban taɓa ganin motar da ta iso Tawa da katinta ba. Kuma ba a cankarta, in ka yi kuskure sau uku a jere abin ya kulle na wani lokaci.

Hanyar da ƴan kasuwa suka fi so ita ce su sayar maka da saiti: BSI, ƙwaƙwalwar inji, da makulli, duk daga mota ɗaya da aka farfasa. Tana aiki, ban musa ba. Amma ka cire lafiyayyar ƙwaƙwalwar inji ka sa wadda ba ka san tarihinta ba, motarka ta koma ɗauke da lambar shasin wata a cikinta, ga kuma maganar kilomita. Agogon tablo da BSI kowanne yana riƙe da lissafinsa, in suka haɗu suka saɓa, babbar lambar ake ɗauka. In saitin daga tsohuwar taksi ya fito, ka murɗa kontak sau ɗaya motarka ta ƙara tsufa a rubuce, kuma ba ta komawa da kanta.

Ta uku muka bi: a samo BSI ta hannu mai lamba iri ɗaya, a kwashe abin da ke cikin tsohuwar a zuba mata. Na ɗauki hoton takardar da ke liƙe a jikin akwatin, mai sunan kamfanin da ya ƙera da doguwar lamba da ta fara da 96, na tura wa wani abokin koyon aikina a Katako ta WhatsApp. Na ja masa kunne a kan shekara. 307 ta farko, zuwa 2005, hanyar magana biyu gare ta: VAN, wadda kamfanonin Faransa suka ƙirƙiro, a wajen jiki, da CAN ta Bosch a wajen inji da birki. Daga 2005 aka mayar da komai CAN. Akwatin wannan ba ya aiki a waccan, ko mai sayarwa ya rantse. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan Turai sun rage shigowa, wanda ya zo ta Lome da Burkina yake biyowa, kuɗinsa ya hau. Ya ɗan sha yawo kafin ya samu. Na sa ya buɗe ta ya ɗauko mini hoton allon da ƙafafun soket a cikin rana, don wadda aka ciro daga motar da ta kwana a fili ba gilashi tana iya fin tamu ruɓewa. Ya naɗe ta a tsumma da kwali ya ba bas ɗin asuba, ta biyo Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, muka karɓa da yamma.

Kafin in taɓa guntun da ke ajiye bayanan motar a cikin BSI na ce, "Baba, a yi haƙuri, a nuna mini kartagiriz."

Ya yi dariya ya ce, "Ni ma?"

Na ce, "Kowa, Baba. Ilimin da zan fidda lambar sirrin nan da shi, shi ɓarawon mota ke nema." Ya ciro takardar mallakar motar daga aljihun gaba, na gwada da lambar da ke jikin motar. Haka nake yi, kuma wanda ya zo in rage masa kilomita don zai sayar, nakan ce ya gwada gaba.

Abin da ake nema yana cikin wani ɗan baƙin guntu mai ƙafa 8, bai kai ƙwayar wake ba. A wasu akwatunan ajiyar tana cikin babban guntun ne, aikin ya fi haka wuya. Sa'ar da muka yi, ruwan bai hau inda yake ba. Na ɗaga shi da iska mai zafi, na share ƙafafun, na ɗora a na'urar karantawa. Sau biyu nake karantawa in gwada, in ba su zo ɗaya ba to wata ƙafa ba ta zauna ba, kuma rubuta gurɓataccen karatu ya fi rashin karatun muni. Suka zo ɗaya. Lambar shasin Baba Majo ta fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar haruffan. Na adana nasa, na adana na sabuwar ma kafin in goge, ko da za a buƙaci komawa baya. Kwamfutar a kan batirinta take, ban dogara da kuran ba, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu an shiga uku. Na rubuta, na sake karantawa, na mayar da guntun na liƙe.

Ban ɗaura ba sai da aka gama da ruwa. Mai gilashi ya zo ya cire ya sake liƙawa da gam na kirki. Muka fidda kujerar direba, muka ɗaga kafet, soson ya sha rana. Magudanai muka zure su da waya muka bi da ruwa har ya riƙa zuba a bayan taya. Soket mai koren na yanke ƙafafun da suka ci na sa wasu. Buta ta sake zagayawa, ko ɗigo.

Akwatin Katako ya zo babu rabin fizibil ɗinsa, masu farfasa mota sukan tsince su sayar daban. Na mayar da na tsohuwar ɗaya bayan ɗaya ina duban hoton da na ɗauka tun farko, kowanne da lambarsa a raminsa.

Cire batir da mayarwa a motocin nan yana da ladabi, kuma ya kamata kowane mai irinta ya sani ko ba ya gyara. Ka sauke gilashin direba, ka buɗe kapo, ka kashe komai, ka zare makulli, ka rufe ƙofofi, ka jira minti 3 ba ka taɓa komai ba, sannan ka cire. In ka mayar, kada ka yi wuf ka buɗe ƙofa. Ka ɗan dakata, ka zura hannu ta taga ka kunna ƙananan fitilu, sannan ka sa makulli ka buɗe kontak, ka bar shi jim kaɗan kafin ka tada. Haka muka yi. Fanfon mai ya yi ɗan kukansa, na murɗa, ta kama a bugu ɗaya. Yarona ya yi kabbara. Baba Majo bai ce komai ba, agogon kilomita ya leƙa, ya ga lambarsa ce, sannan ya gyaɗa kai.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Madannin kulle ƙofa na jikin makulli sai da na sake haɗa shi, kontak a buɗe, na danne shi na ƴan daƙiƙu. Gilasai na kai su sama na riƙe don su san iyakarsu. Na saita agogo. Da inji na aiki batir ya nuna bolt 14.2. Na goge kurakurai, muka fita hanyar Ƙonni muka dawo ta cikin gari ta wurare masu gargada, na sake zagayawa da baliz, babu wanda ya dawo. Na maimaita awon barci, turnabis a harshen ƙofa, kujera, jira. Ta sauko ta tsaya a miliamfiya 22. Na ce a bar ta ta kwana a wurina duk da haka, da safe ta tashi ba gardama.

Na rubuta masa lambar sirrin a takarda, na ce ya ajiye a gida, ba a cikin motar ba. Ya kwafe ta a ɗan littafin da yake rubuta awon hawan jininsa. Abin da na kwasa daga guntun na zuba masa a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, kwafi ɗaya yana wurina. Tsohon akwatin ya bar mini, akwai rele masu kyau a jiki.

Maganar dogon yaro ba mu daidaita ba. Na ce ya canza wa motar wurin kwana, ya ce inuwar nan ta girme ni, ba inda za ta. Muka tsaya a kan jikansa zai riƙa ɗaga kapo yana kwashe ganye, ni kuma a kawo mini ita a farkon Yuni in zure magudanai kafin ruwan fari. Na kuma tuna masa makulli ɗaya tak gare shi, kuma yanzu da lamba ke hannu yanka na biyu da koya wa motar shi ba wuya, sai dai ranar da za a yi ya zo da duka biyun, don wanda ba ya nan lokacin koyarwa motar mantawa take da shi. Ya ce ya ji, sai fansho ya fito.